Inna, Ranar Asabar Ba Zan Tsaya a Kan Tukwane Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, na rubuto ne in sanar da ke abin da dangi suke ta cecekuce a kai. Ranar Asabar za a yi sunan ɗan Sani, autanki, a gidanmu na Ƙofar Wambai, ni kuwa ba zan tsaya a kan tukwane ba. Ranar ce ranar allurata.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Tun da kika tafi na zama Yaya Babba da gaske. Haihuwa, rasuwa, kai amarya, wanda matarsa ta yi yaji, duk wayata ce take ƙara. Bara sai jikina ya fara tawaye. Gabana ya riƙa faɗuwa babu dalili, ƙirjina kamar an kifa mini turmi, ko da ina tsaye gaban ɗalibai a aji. Ko a sallah zuciyata tana Kasuwar Wunti tana cinikin tattasai. Likita ya ce hawan jini ne da damuwa, ya rubuta mini ƙwayoyi. Goggo Asabe ta ce iska ce. Sani kuma ya turo mini wa'azi a kan tawakkali, shi da ko ruwan shayi bai taɓa dafa wa kansa ba.

Wata abokiyar aikina ce ta kai ni wajen Madam Rifkatu, 'yar Bogoro, likitar gashin ƙashi da ke da ɗan asibiti a GRA. Ta koyo maganin nan na mutanen Sin da ake yi da allurai. Ba ruwan magani a cikinsu, siraran ƙarafa ne kamar gashin wutsiyar doki, sababbi take ɓarowa daga leda a gabanki. Sai ta kakkafa su a hannu, da ƙafa, da kunne, ta ce kada ki motsa. Kin san ni da bin diddigi, sai da na karanta abin da masana suka rubuta. Wasu sun ce yana rage damuwa, wasu sun ce zuciya ce kawai take rarrashin kanta. Ita Madam ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta ma gargaɗe ni kada in bar ƙwayoyin likita. Wannan ne ya sa na yarda da ita.

Inna, kin san abin da ya fi ba ni haushi? Sai da aka kafe ni da allurai kamar ƙyalle a teburin tela sannan na iya kwanciya rana tana sama. Wayata tana ta kuka a jaka, ba halin in miƙa hannu. Ke kika sa mini wannan. Ke kike cewa, "Kwanciyar rana ta marar lafiya ce da marar zuciya." Ke kike cewa, "Babba juji ne." To, na zama jujin, kowa ya zubar, yanzu jujin ya kama wuta.

Ban manta yadda kika faɗi ba. Bikin 'yar Kawu ne, kina tuƙa tuwo a tsakar gida, muciya a hannunki, sai kawai kika sulale gefen murhu. Maza suka ɗauke ki zuwa asibiti. Ni kuwa Goggo ta miƙo mini muciyar, wai kada tuwon mutane ya yi gudaji. A zaman makoki kowa yabonki yake yi: ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Har yau in na ji an yabi mace da wannan magana, ji nake kamar in kife tukunyar a kan mai faɗa. Yabon da ake yi wa jaki ke nan, kuma bayan ya mutu.

Amma akwai abin da ya same ni a ɗakin nan wanda ban gaya wa kowa ba. A zuwana na biyu Madam ta ce za ta sa guda ɗaya a goshina, tsakanin gira da gira. Kafin ta sa, sai ta danna wurin da babban yatsanta. Nan take na koma yarinya. Ina kwance a ɗakinki da zazzaɓi, kin zauna kin juya fuska ga bango saboda kunyar 'yar fari, amma yatsanki yana daidai wannan wuri, kina murzawa a hankali. Da kika ji takun Kaka sai kika janye hannu, kika hau gyaran tabarma. Ashe kin san wurin. Ashe kin san akwai inda ake taɓa mutum ya lafa. Ke wa ya taɓa danna miki?

Na yi kuka a kan gadon nan, allurai a jikina, ko hawaye ban iya sharewa ba. Madam ta ja mini labule.

Kada ki ɗauka na warke. Tun da aka sa ranar sunan nan na kasa zama wuri ɗaya. Wa zai san gishirin da ya isa babbar tukunya? Danginmu na Zungur za su zo da itacensu da daddawarsu, su tambayi ina Yaya, me za a ce musu? Goggo ta riga ta aiko cewa na zaɓi ƙarafan baƙi a kan zumunci. Na ɗauki waya in ɗaga ranar asibitin ya fi a ƙirga, kowane lokaci sai in ga muciyar nan a ƙasa, in ajiye.

Don haka ba izini nake nema ba, Inna, sanar da ke nake yi. Zan je da la'asar in ɗauki jariri, in yi barka, in zauna a tabarma a kawo mini abinci kamar kowa. In tuwon ya yi gudaji, su ci da gudajinsa. Kafin nan kuwa ina kwance, rana tsaka, idona a rufe. Zan kwanta nawa, in kwanta naki da ba ki samu ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya yafe mini zafin bakina. Ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna, Ya ba ki hutun da babu mai tashin ki daga cikinsa don tukunya. Amin.

'Yarki ta fari,
Hajara