Sharar Inji

Litinin, 5 ga Mayu

Bel ɗin inji ya sake tsinkewa da hantsi. Na ɗaure shi da waya na ci gaba. Tun rasuwar Maigida nake ɗaure bel ɗin nan, ya fi tsohon zane faci.

Niƙa ya ragu sosai. Ni kuwa ba sai na shiga gidan kowa ba kafin in san halin da tukunyarsa take ciki, ƙofar shagon nan ta ishe ni. Masu albashi ƙarshen wata suke zuwa da rabin buhu a bayan babur, suna hura hanci, in wata ya yi tsakiya kuma ka neme su ka rasa. Masu cin na yau, 'yan dako da leburori da masu tura ruwa, sai la'asar sakaliya matansu ke kawo kwano guda, shi ma in maigidan ya samo. Gidajen da ke da ɗa a waje suna jiran aike. Gidajen da mace ke riƙe da su, irin nawa, su ne ba sa fashi, kullum kaɗan, amma kullum.

Sai layin ma'aikatan masaƙa, inda Yaya yake. Su a da su ne 'yan gayun unguwa. Tun da aka rufe masaƙar suke gangarowa, daga buhu zuwa kwano, daga kwano zuwa leda.

Alhamis, 8 ga Mayu

Matar Yaya ta kawo masara a leda, ta ɓoye cikin mayafi kamar kayan sata. Na niƙa, na karɓi kuɗina cif. Inji ba ya shan zumunci, wuta yake sha.

Kada wani ya ce na cika riƙo. Ranar da na ce zan ci gaba da injin Maigida, Yaya ne ya tsaya a tsakar gida gaban 'yan ta'aziyya ya ce ƙanwarsa ba za ta zauna cikin ƙura tana yi wa unguwa bauta ba, in na yi kuwa kada in sake taka masa gida. To na yi, ban kuma taka ba. Da ƙurar nan na ciyar da marayuna har na aurar da su. Shi da yake da farar riga da katin ma'aikata, ga shi nan.

Ta zo da Auta, 'yarsu ta ƙarshe. Yarinyar ta rame, wuyanta ya fito. Ta toshe kunnuwa saboda ƙarar inji tana mini dariya, ta ce, "Gwaggo, girarki ta yi furfura." Na ce gari ne, ja'ira.

Asabar, 17 ga Mayu

Babu wuta tun safe. Na zauna ina korar ƙudaje.

Laraba, 21 ga Mayu

Wani abu ya fara ba ni mamaki. Sharar inji, wato garin da ke zuba ƙasa da dusa da duk abin da tsintsiya ta kwaso, a wani tsohon daro nake tara ta. Masu kaji da awaki ke saye da arha, a da har roƙonsu nake yi su kwashe. Yanzu daron ba ya kwana da komai. Matar mai gadi ta saya, matar tela ta saya, wata daga layin masaƙa ta saya. Kowacce sai ta ce, "Na kaji ne."

Unguwar da rabon da in ji carar zakara har na manta, yaushe ta cika da kaji haka?

Ban tambaya ba. Wanda ya ce na kaji ne, na kaji ne.

Juma'a, 30 ga Mayu

Yau matar Yaya ta zo hannu rabbana. Ta jira har kowa ya watse, tana ta kame-kame, zafi, tsadar sabulu, ciwon ƙafar uwarta. Can ta kalli daron ta ce, "Gwaggon Auta, a ɗan sam mini na kaji mana."

Na san kajinta. Ni na ga mai sayen kaji ya fito da su daga layinsu a rataye a keke, kai ƙasa, tun kafin ruwan farko.

Na ce, "Kajin suna nan ke nan?"

Ta ce, "Suna nan." Idonta a kan daro.

Na auna mata. Ta miƙo 'yan canji, na karɓa. Da ta ce mini yunwa suke ji, wallahi da na cika mata leda da gari mai kyau. Amma sai dai ta faɗa da bakinta. Shi kuma Yaya ya san inda shagona yake. Girman kai rawanin tsiya, in ya ga dama ya naɗa ya kwana da shi.

Raina a ɓace na wuni, ban san da wa nake fushi ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na hango Yaya a gindin bishiyar da tsofaffin ma'aikata ke zama. Rigarsa a goge, takalmi a share. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya gan ni ya juya kai, ni ma na juya nawa.

Talata, 3 ga Yuni

Haƙoran inji sun dakushe, gari yana fita da tsaki. Makanike ya zo ya kwance su ya wasa. In an wasa haƙora, niƙan farko ba na mutum ba ne, domin garin ƙarfe yake biyo shi. Ƙa'ida ita ce a zuba dusa a niƙa har ta daina fitowa da duhu, sannan a karɓi na mutane. Haka Maigida ya koya mini, haka na yi. Dusar ta fito toka-toka tana ƙyalli, na juye ta a daro kamar kullum. Kaza da ke haɗiye tsakuwa, me ƙarfe zai yi mata?

Da yamma matar Yaya ta zo. Daron nan kaɗai ke akwai. Hannuna ya tsaya a kan kwanon awo, na ce, "Wannan fa na yau bai da kyau, na wankin haƙora ne."

Ta ce, "Ai kaji ba sa zaɓe."

Na ce, "To, na dai faɗa miki."

Na faɗa mata. Akwai mutum biyu a shagon, sun ji na faɗa.

Asabar, 7 ga Yuni

Matar Yaya ba ta zo ba kwana biyu.

Litinin, 9 ga Yuni

Matar tela ce ta gaya mini, tana ɗaure bakin ledarta, kamar labarin wasu can. Auta na asibiti tun jiya, amai da gudawa, cikinta ya kumbura.

Na kashe inji da masarar wata a ciki. Matar tana ta mita, ban ko waiwaye ta ba.

Ɗakin yara ya cika, gado ɗaya yara biyu. Duk fuskokin iyayen na san su, na san kwanukansu. Auta na kwance an sa mata ruwa a hannu, hannun kamar sillen kara. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta ce ciwon ciki kam akwai, amma jikin yarinyar ya daɗe babu abin da zai yi faɗa da shi. Ta tambaya, "Me take ci a gida?"

Matar Yaya ta dubi ƙasa. Ni ma ƙasan na duba.

Yaya yana bakin taga ya ba mu baya. Na je na sayo magungunan da aka rubuta na ajiye a gefen gado. Bai ce na gode ba, bai kuma ce in ɗauke ba. Rabon da mu tsaya ɗaki ɗaya da shi tun ranar ta'aziyyar Maigida.

Talata, 10 ga Yuni

Ta buɗe ido ta gane ni. Ta ce, "Gwaggo, yau babu furfura." Na ce na wanke ne don in zo wurinki.

A baranda na tare likitar na tambaye ta ko garin ƙarfe zai iya yin haka. Ta ce zai iya, gurɓataccen ruwa ma zai iya, yunwa kuma ta riga su duka zuwa. Ta tambayi dalilin tambayar. Na ce ina da inji ne kawai.

Ina tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da Maigida ya faɗi.

Laraba, 11 ga Yuni

Auta ta rasu da azahar.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na taka gidan. Babu wanda ya hana ni, babu wanda ya ce in shigo. Ɗakin matar Yaya wayam, babu gado, babu keken ɗinki, sai shatin inda kabad ya taɓa tsayawa a jikin bango. Akurkin kaji an tara takalman 'yan gaisuwa a kansa. Ashe haka gidan ya koma, ni ina layi uku da su ina ƙirga wa ya fara gaida wa.

Mata suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne. Matar Yaya ta riƙe hannuna a bayan ƙofa ta ce, "Na tankaɗe shi fa, sau biyu na tankaɗe. Don Allah kada Yayanki ya ji. Ce masa nake daga gidanmu ake aiko mana."

Na ce ba zai ji daga bakina ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Na buɗe shago, domin cikin unguwa ba ya zaman makoki. Matar mai gadi ta ce a ba ta na kaji. Na daka mata tsawa na ce babu, na daina sayarwa. Ta tsaya tana kallona kamar na mare ta, ta juya ta tafi da ledarta a ninke. Yaranta biyar. Me za su ci yau, ban sani ba.

Hana su ma ba gyara ba ne. Duk inda na juya, laifi.

Asabar, 21 ga Yuni

Ina share ƙasan inji na ga inuwa ta tare ƙofa. Yaya ne. Bai taɓa shiga shagon nan ba tun da aka kafa shi.

Ya yi sallama na amsa. Na goge benci da gefen zane, bai zauna ba. Ya ce ya zo ne ya yi godiyar magani. Na ce ba komai. Shi yana kallon inji, ni ina kallon tsintsiya.

Sai idonsa ya faɗa kan daron. Ya sunkuya ya ɗebo kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya daɗe yana dubawa. Na ce a raina yau ranar wanka ce, cibi ba zai ɓoyu ba. Na shirya ya zage ni. Wallahi so nake ya zage ni.

Ya ce, "Na san launinsa. Ni ma na ci."

Na jingine tsintsiyar a bango.

Ya ce, "Gidan surukaina ba su da abin aikowa, na fi kowa sani. Yana ƙas-ƙas a haƙori, ina haɗiyewa, ina ce mata Allah ya saka musu da alheri. Kullum sai in ce gobe zan zo wurinki. Har ƙofar nan na taɓa zuwa, na ji ƙarar inji na koma."

Ya kakkaɓe hannunsa a jikin farar rigar, garin ya ɓata ta, bai kula ba. Ya ce, "Ke kin sani, ita ta sani, ni na sani. Yarinyar ce kaɗai ba ta sani ba, Tsinke."

Tun rasuwar Inna babu wanda ya kira ni da sunan nan. Ya fita. Na tayar da inji babu komai a cikinsa, don kada masu shagon kusa su ji kukana.

Talata, 24 ga Yuni

Yau ciniki babu laifi. Bel bai tsinke ba.

Na aika a kira mini matar mai gadi. Na ce shara ta ƙare, sai dai wani gari da ya kwana mini, in tana so. Ba kwana ya yi ba, amma ba ta tambaya ba.

Da la'asar na ga masarata ta gida ta fara ƙwari, ko dai kamar za ta fara, sai na niƙe ta duka. Ta yi mini yawa, ni kaɗai ce a gida. Na ɗora ƙwarya a kai na fita, ban rufe ta da komai ba. Hanya ce kawai ta bi da ni ta layin masaƙa. Mazan gindin bishiya suka bi ni da ido, su bi.

Yaya na zaune a ƙofar gida. Na tsaya a gabansa na ce, "Kuna jin yunwa, na kawo gari."

Ya dubi mutanen da ke kallonmu, ya dube ni. Na ɗauka zai shige ciki. Sai ya miƙe ya ce, "Muna ji," ya sa hannu biyu ya sauke mini ƙwaryar.

Kalma biyu ke nan. Su ne muka kasa faɗa har sai da muka binne ta.