Suna Biyu a Allon Kwamfutarka

Zuwa ga abokina Mamman Ɗan Tasawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Damina uku ke nan lambarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ɗan garinku ya gani ya kai maka. Ni ne Habibu na injin takalmin roba a Sharaɗa, abokin ɗakinka a Panshekara, wanda ka ce munsharinsa ya fi janaretan kamfani.

Maganar ajiyarka ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da aka bugo cewa jikin Inna ya tsananta, ka cusa kayanka a jaka ɗaya, ka nuna kwamfutar da ke kan teburi ka ce, "Yi amfani da ita, amma ajiya ce, ba kyauta ba." Har tsiya na yi maka, na ce wa zai saci wannan tsohuwa. Na ɗauka sati biyu za ka yi.

Ka san duk abin da na iya a kanta kai ka koya mini. Kai ka buɗe mini ɓangarena da sunana, kusa da naka mai mukulli, ka kuma ba ni iko in saka abin da na ga dama. Ban taɓa tambayar abin da ke ɓangarenka ba. Na dai san akwai hotunan marigayi Babanku, da zanen wayoyin injuna da ka yi shekaru kana tarawa.

To, yanzu kamfani na neman mutum ɗaya a ɗakin kwamfuta, kuma sun ce 'yan ciki ma su nema. Ranar Asabar za a gwada mu: a haɗa kwamfuta uku su yi magana da juna, ɗaya tana shugabantar biyu. Shekara tara ina shaƙar roba mai zafi, Mamman. Ina son aikin nan har raina.

Kwamfuta uku ake buƙata don gwaji a gida, ni kuwa ɗaya gare ni, ita ma ba tawa ba. Sai 'yan guruf ɗinmu na koyon kwamfuta a waya suka ce akwai manhajoji na kyauta da ke gina kwamfutocin ƙarya a cikin ta gaske, kowace da ɗakinta, kamar gidan haya. Iri biyu suka nuna mini. Ɗaya tana shigowa kamar baƙuwa, ta zauna gefe, ba ta taɓa abin da ta tarar, amma tana da nauyin jiki. Ɗayar ita manyan kamfanoni ke so, ga sauri ga ƙarfi, sai dai ba ta zama sai ta karɓe injin gaba ɗaya. Duk guruf suka ce in ɗauki ta biyu, wai ta farko ta 'yan koyo ce.

Ni da son a ce na iya, sai na bi su. Ranar Lahadi bayan la'asar na saka ta a filash, na soka shi a jikin kwamfutarka, na yi ta danna gaba, gaba, ko karantawa ba na yi. Can sai wani rubutu ya tsaya mini a allo: duk abin da ke cikin faifan ajiya za a share shi. Yatsana yana kan maɓalli. Sai na janye hannuna.

Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe zaune ina ba kaina hujja. Na ce ai ka riga ka manta da ita. Na ce wanda ya yi shekara uku bai kira ba, ai ya yafe. Har haushinka na ji, don shirun nan naka ya yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa. Amma duk inda na juya, maganarka ta bakin ƙofa nake ji. Na zare filash ɗin.

Baƙuwar na saka. Kwamfutoci ukun sun tashi, amma da tafiyar hawainiya, fankar tsohuwar tana kuka kamar injin markaɗe. Idan na kunna ta uku, sai in je in yi alwala in dawo kafin ta buɗe. Duk da haka jiya suka gaisa da juna, su ukun. Na yi ta dariya ni kaɗai har maƙwabci ya leƙo. Wani abin da zai burge ka: kafin kowane gwaji ina sa manhajar ta adana halin da kwamfutar ƙaryar take ciki, in na ɓata in komo daidai wurin. Sau goma sha na ɓata, kuma ban ji tsoro ba.

Abu ɗaya na taɓa maka, dole in faɗa. Manhajar ta ƙi aiki sai da na shiga saitin can ƙasa na injin na kunna wani abu da ka bari a kashe. Na rubuta yadda na same shi a takarda, na manna a jikin kwamfutar. Ka yafe mini wannan.

Ban san yadda Asabar za ta kasance ba, amma zuciyata a kwance take. Kullum na kunna kwamfutar, kafin komai, suna biyu ne ke fitowa a allo: Mamman, Habibu. Da na danna maɓallin nan, da yanzu babu naka. Ina kewarka, aboki. Ban taɓa faɗa maka ba, yau na faɗa a gaban kowa.

Allah Ya ba Inna lafiya idan tana raye, Ya jiƙan ta idan ta riga mu. Allah Ya kare ka a duk inda kake, Ya buɗa mana gaba ɗaya. Ka zo ka karɓi kayanka, ko da za ka sake bar mini. Ɓangarenka na nan a kulle yadda ka bar shi.

Naka mai riƙon ajiya,
Habibu, Panshekara