Gayyar Waya a Umdurman

Yaya Mujtaba,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Dawa ta nuna?

Ni lafiya lau. Aikina sa hotunan turaren Hajji Mazin a Fesbuk. Sati uku babu mai tambaya, har ya ce zai karɓe wayarsa. Ban gaya muku ba.

Sai Tasnim mai tallan lalle ta sa ni a gurup ɗinsu. Mu tara ne, gayya muke yi kamar ta gona: kullum mu taru kan shafin mutum ɗaya, mu yaɗa kayansa. Talata aka yi tawa, masu tambaya suka yi ta kira. Laraba Hajji ya ce, “Zauna, ɗana, sha shayi.”

Ka yi haƙuri, girbin bana ba ni. Ƙauyenmu ba sabis, kuma mutum takwas sun yi mini noma, dole ni ma in yi musu.

Allah Ya ba Inna lafiya.

Ƙaninka,
Abdulganiyu