Kada Ka Feshe Tururuwan Lemon Nan

Baban Doose,

An kira ni daga Gboko, Mama ta faɗi, an kai ta asibiti. Ɗan acaɓa na jira a ƙofa, ba zan iya tsayawa ka dawo daga gonar doya ba.

Jiya da jajayen tururuwan nan suka cije ka a kan bishiyar lemo, ka rantse yau sai ka feshe su duka. Ka yi haƙuri da dariyar da na yi, kumburin idon ne. Amma don Allah kada ka yi feshin nan. Lemon ya yi fure, ƙudan zuma sun cika shi tun da safe. Tururuwan kuma su ke korar ƙwarin da ke sa masa tsutsa. Ka manta lambun Iorwuese bara? Ya yi feshi cikin fure, sai da tsintsiya aka share ƙudan zuman da suka mutu, abin da ya tsinka kuma rabi ruɓaɓɓe ne.

In za ka hau, ka shafa toka a hannu da ƙafa, ba sa son ta.

Hankalina ya rabu biyu, rabi wajen Mama, rabi wajen lambun nan. Na kuma san halinka. Kada ka wahalar da kanka da nema, bakin famfon feshin yana cikin jakata. Tare za mu dawo.

Mnena