Tayoyi Huɗu a Farashin Gwamnati

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin dillancin motocin da ke kan hanyar Idu, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini kana Legas, wai babban ofishinku bai taso ba tukuna. Gwamnati sukutum ta tattaro kujerunta ta dawo Abuja, mu ƙananan ma'aikata ma an kwaso mu da tabarma da tukunya, amma mutumin da sa hannunsa zai saki motata yana can bakin teku. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba tozarci nake nema ba. Kun san kanku, kuma farar motata tana harabarku yau kwana shida.

Ni akawu ne a sashen karɓar wasiƙu na wata ma'aikata. Da aka taso da mu ban samu gida a cikin gari ba, sai wani dattijo manomi a Kuje, Baba Yohanna, ya ba ni ɗaki biyu a gidansa. Motar tsohuwa ce, a gwanjon ma'aikatarmu na saye ta tun muna Legas, kuma ita kaɗai ce mota a layinmu. Mai ɗakina tana da ciki wata tara. Haihuwarta ta baya da tiyata aka yi, saboda haka likita ya ja mana kunne cewa da zarar naƙuda ta taso kada a tsaya neman ungozoma, a kama hanyar babban asibiti a Gwagwalada. Duk wanda ya san Kuje ya san in la'asar ta wuce, samun motar haya sai an dace. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tsoron nan ne ma ya kawo ni wurinku. Sau biyu taya ta fashe mini cikin wata guda, har mai facin bakin tasha ya jujjuya ta ya rantse babu sauran inda zai liƙa komai, faci ne a kan faci. Baba Yohanna ya ce in shiga kasuwa in saya, mai faci ya ɗaura mini a gabana. Na ƙi, saboda na sha jin labarin tsofaffin tayoyin da ake sake wa zane da wuƙa, a shafe su da baƙi a sayar wa mutum a matsayin sababbi. Na ce araha ba ta ado, kuma rai biyu zan ɗauka. Na dai tambayi kasuwa, aka ce sabuwa naira ɗari huɗu da hamsin ce kowace. Na lissafa huɗu, na ƙara abin ɗaurawa da rarar da ake yi wa babban kamfani, na haɗa naira dubu biyu da ɗari biyu na nufo ku ranar Laraba da safe. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, zan fara da laifina, don kada a ce na ɓoye. Ina shiga aka zaunar da ni a kujera mai laushi, aka kawo mini lemon kwalba mai sanyi, mai karɓar baƙi tana ta kirana Oga. Ta miƙo takardar aiki ta nuna gurbi da biro ta ce, "Oga, sa hannu a nan kawai, mota zai fita yau-yau." Gurbin kuɗin babu komai a ciki. Shekara goma sha huɗu aikina ke nan, masinja ya miƙo littafi, in sa hannu inda ya nuna, ya wuce. Hannuna ya gama aikinsa kafin kaina ya farka. Kuma na riga na sha lemonku, sai na ji nauyin in ɗago in tambayi nawa ne kamar mai cinikin albasa. A zatona yadda muka saba da bakanike za a yi, a gama aiki, ya faɗi nasa, in faɗi nawa, mu haɗu a tsakiya. Ashe a wurinku in biro ya taɓa takarda, bakin alƙalami ya bushe.

Na biyu, ga lissafin da kashiya ya miƙo mini da azahar. Taya huɗu, kowace ɗari takwas da hamsin, dubu uku da ɗari huɗu. Robar ciki huɗu, ɗari uku da sittin. Ɗaurawa, ɗari uku. Saitin ƙafafu, ɗari huɗu da hamsin. Wankin mota da ban nema ba, hamsin. Sai wani abu wai kuɗin hidima, ɗari biyu, wanda ban san ko na lemon ba ne. Jimla naira dubu huɗu da ɗari bakwai da sittin. Albashina na wata bai kai ɗari takwas ba. Na zube duk abin da ke aljihuna aka ba ni rasit, aka ce saura dubu biyu da ɗari biyar da sittin, kuma makulli ba zai fito ba sai an cika.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Da na matsa da tambaya, kashiyan ya ja ni gefe ya bayyana mini cewa farashi biyu gare ku, akwai na mutane, akwai na gwamnati. Wanda ya rubuta takardata ya hango inuwar sunan ma'aikatarmu a jikin ƙofa, inda fentin da na sa bai rufe sosai ba, sai ya jefa ni layin motocin gwamnati. Na fito da takardar gwanjo mai sunana na nuna masa. Ya yarda tawa ce, har ya tausaya, amma ya ce abin ya riga ya shiga littafi, kai Babban Manaja kaɗai ne za ka iya sokewa. Na gane tun da ma'aikatu suka cika garin nan kun saba da direbobin da ke kawo mota goma a jere, ba wanda zai tambayi nawa domin ba daga aljihunsa zai fita ba. Wannan tsakaninku ne da masu binciken kuɗi. Ni dai gwamnati ba ta saya mini ko man inji.

Na huɗu, na ce to a cire sababbin a mayar mini da tsofaffin, in biya ladan wahala in tafi. Aka ce tsofaffin an kwashe su tun ranar, wani mai a-kori-kura ke zuwa ɗauka. Wa ya ba da izini? Duk lalacewarsu nawa ne, kuma biyu daga ciki za su iya kai ni Gwagwalada a hankali.

Na biyar, jiya aka sanar da ni cewa motar da ta wuce kwana uku a harabarku ana ɗora mata naira arba'in kullum. Ku ne kuka riƙe ta, ni kuma nake biyan kuɗin kwananta. Garin neman gira ina neman rasa ido.

Ranka ya daɗe, ba sadaka nake roƙo ba. Abin da nake nema shi ne ka buga waya ko ka aiko da takarda a mayar da lissafina farashin mutane, a cire wanki da hidima da kuɗin kwana. In akwai ciko bayan haka, a saki motar in riƙa biya duk ƙarshen wata, shugaban sashenmu ya yarda zai tsaya mini. In hakan ma ba zai yiwu ba, a ɗaura mini kowace irin taya daidai kuɗin da na riga na bayar, ko da biyu ne sababbi. Sannan don Allah a daina miƙa wa mutane takardar da ba a rubuta kuɗi a kanta ba, domin irina suna da yawa a cikin waɗanda aka taso da su.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya tsare ka a hanya, ya sa kada ka taɓa tsayawa bakin titi da mara lafiya kana ɗaga wa motoci hannu.

Abu ɗaya ya rage da ban faɗa wa kowa ba. Mai ɗakina ba ta san komai a kan wannan ba. Kwana shida ina ce mata ana ƙarasa saiti ne, gobe za a ba ni. Yau da safe na fito zan tafi aiki na tarar ta ɗaure kayan haihuwa a zane ta ajiye bakin ƙofa, tana dafe da bango, ta ce bayanta ya fara riƙewa tun asuba amma kada in damu, ai motar yau za ta dawo. Na ce mata insha Allahu. Ina rubuta wannan a teburin ofis, duk wanda ya turo ƙofa sai in miƙe tsaye, ina zaton daga Kuje aka aiko.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Sabi'u Lawal, Kuje.