Kallabin Inna

Tasawa, daren Talata.

Yau Inna ta ɗaura kallabinta da kanta. A karkace yake, amma ita ta ɗaura.

Wata biyu ke nan ni nake ɗaura mata, tun da kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaguwa. A ƙauye an yi mata ƙaho, aka naɗe hannun da zane, ciwon sai ƙaruwa. Da na kawo ta nan, lokotoro ya ɗaga hannun a hankali, yana kaiwa daidai kafaɗa ta yi ƙara. Ya ce ba karaya ba ce, ƙashi ne ke matse jijiya. Ya hana ta daka da jan guga, ya ba ta magani, ya ce kullum ta riƙa hawan bango da yatsu.

Ta ce mini, “Ni da jikoki zan tsaya shafar bango? Ko allura bai yi mini ba!” Har na ɗaga mata murya, abin yana raina har yanzu.

Ɗazu na zagaya bayan ɗaki kwasar shanya, sai ga alamun gawayi a bango, kowace ta ɗara ta ƙasanta. Ashe a ɓoye take yi.

Hannuna ya kai ga kallabin zan gyara mata, sai na janye.