Juwar Inna da kunyar suruki

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya maigida da yara?

Ran Talata juwa ta kayar da Inna, muka kai ta asibitin Filinge. Likita ya ce sai ya duba idonta zai san ko juwar daga kunne take ko ƙwaƙwalwa, in ƙwaƙwalwa ce sai Yamai nan take. Inna ta ƙi ɗaga kai, wai surukinta na tsaye. Shi ko surukin, maigidana Malam, duk karatunsa, yana ta "sannu Inna". Na ce, "Malam, sannu ba magani ba ce, fita." Yana fita ta ɗago, likita ya duba idon. Kunne ne, alhamdu lillahi.

Har yau fushi yake, ni kuwa ba ni da ƙarfin lallashi. Ki sa mu addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi